Kwata Mai Jar Fuska da Na Bari a Hannun Orville Pruitt

Da hantsin Talata, goma sha ɗaya ga Maris, 2025, Marlene ta kira ni ta ce mijinta Orville Pruitt ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar banki a nan Toledo, rungume da akwatin kwata-kwata, wato kuɗin ƙarfe na rubu'in dala, da yake karɓowa kowane mako domin neman masu daraja a ciki, kuma kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Na ce mata ƙarya ne. Allah Ya yafe mini, abin da na faɗa wa matar da ta rasa miji ke nan. To, yaya zan yarda, Orville, alhali ranar Asabar na bar ka a taron ƙungiyarmu ta masu sha'awar tara kuɗin ƙarfe, kana shan gahawa kana tsokanata?

Kai ka buɗe mana ido a kan kwata. Ka nuna mana cewa jan ƙarfe ne a tsakiyarsa, an lulluɓe shi da farar riga gaba da baya. Wani jiƙon riga ɗaya takan ɓare tun kafin a buga shi, sai ya fito duniya da fuska ɗaya ja kamar garwashi. Ka kuma gargaɗe mu cewa asid da daɗewa cikin ƙasa su ma suna sa kwata ya yi ja, don haka ido ba ya yanke hukunci, sikeli ne alƙali. Lafiyayyen kwata giram biyar da ɗigo shida da bakwai ne. Wanda ya rasa riga tun daga maƙera yakan sauko kusan giram guda.

Ban manta dattijuwar nan mai gidan wanki, Misis Odom, da ta kawo maka irinsa tana neman dala biyu ba. Da ka ba ta, da ta tafi tana godiya. Sai ka zaunar da ita, ka auna a gabanta, ka faɗa mata ainihin darajarsa, ka kai ta wurin gwanjo da motarka.

Ni kuwa shekara goma sha tara ina kawo maka jajayen kwata, kana mayar mini da su. Kakan ɗora a sikeli, ka leƙo ni ta saman tabarau, ka ce, "Lowell, wannan ai tsatsar bayan gidanku ce. Koma ga waƙoƙinka, can ba a aunawa." In ce maka, "Tsoho, sikelinka ne ke gaba da ni." Ba kuɗin nake nema ba, kai ma ka sani. Kalma ɗaya nake so daga bakinka.

Ranar Asabar na miƙa maka wanda na samu cikin canjin wurin wankin mota. Ka daɗe kana juya shi. Ba ka yi dariya ba. Ka ce, "Batirin sikelina ya mutu. Bar shi wurina zuwa Laraba. Kuma don Allah kar ka fara rubuta waƙa tukuna."

Laraba ta zo, ba ta same ka ba.

Hannun da ke aunawa ya kwanta,
Sikeli na jira, ba mai ɗorawa.
Wa zai ce mini a'a in yarda?
Wa zai ce mini i in yi kuka?

Bayan mun dawo daga coci da maƙabarta, Marlene ta ja ni kicin. Ta ce, "Lowell, saura kaɗan in yi maka ɓarna. Na ga wani kwata a teburinsa ya yi ja, na ɗauko man goge cokula don in mayar maka da kayanka fes." Na ce, "Kin goge shi?" domin duk wanda ya zauna da mu ya san kwatan da aka goge darajarsa ta mutu. Ta ce, "Kwantar da hankalinka. Mutumin nan ya san halina." Ta miƙo mini ɗan kwalin da ka saka shi. A gefe ɗaya, da karkataccen rubutunka: "Marlene, kar ki goge." Na juya ɗaya gefen: "Giram 4.71. Na gaske ne. Na Lowell, bayan shekara goma sha tara."

Ashe ka faɗa, Orville. Ni ne ban zo da wuri na ji ba.

'Yan ƙungiya sun ce in aika shi ga masu tantancewa su rufe shi cikin roba da hatiminsu. Ba zan aika ba. Zai zauna cikin kwalinka har in biyo ka.

Allah Ya jiƙanka, Ya yi maka rahama, Ya auna ka da irin adalcin da ka auna wa Misis Odom, Ya ƙara maka da jinƙansa. Ga Marlene da 'ya'yanku da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sanyaya zukatanku. Mu da muka saura, Ya kyautata ƙarshenmu. Amin.

Lowell Hatcher, Toledo