Layi ɗaya da na manta a famfon unguwarmu

Ina cikin motar Abuja saƙon mai duba aikina ya shigo. Gyara na tura masa na manhajar da ke sarrafa na'urar famfon sola. Ya ce na manta layi ɗaya a rubutun manhajar: idan wuta ta yi ƙasa na'urar za ta sandare, injin ya yi ta ja har ya ƙone.

Ni kuwa don gaggawa tun jiya na ɗora gyaran a famfon unguwarmu ta Hashimi, a Suleja.

Na kira mai unguwa. "Baba, don Allah a kashe famfon nan!"

"Mata na kan layi, ɗana. Bari su ɗiba, ga hadari ya haɗo."

Hadari! Shi ne fa mai rage wutar.

Yanzu na sauka, ina bakin titi ina tsayar da motar komawa Suleja. Abokan sana'a, akwai wanda ya taɓa ƙin jiran mai dubawa ya sha?