Tef Ɗin Awon Kawu

Kawuna mai walda ne, kuma tunda nake ban taɓa ganin ya karanta takardar cikin kwalin magani ba. Haɗiyewa kawai yake yi, ya kora da ruwa. Amma wannan bawan Allah shi ne ya zaunar da ni na karanta masa ƙa'idojin shafukan intanet har bakwai, layi bayan layi, ina fassarawa yana girgiza kai.

Kujera ce ta jawo mini. Autarsa an haife ta ba ta iya riƙe wuyanta, kullum tana kwance sai kallon rufi. Da ta shekara huɗu, Kawu ya tattaro bututun ƙarfe da tayoyin tsohon keke, ya haɗa mata kujera mai matokarin kai. Ranar da Auta ta zauna ta kalli mutane ido da ido, uwarta sai da ta shige ɗaki ta sha kuka. Daga nan iyayen yara irinta suka fara sallama a bakin shagonsa.

Sai dai wutar walda ta shekara talatin ta ci idonsa, likita kuma ya ce abin gaba zai yi. Ya same ni a shagon da nake buga wa mutane takardu, da zanensa a naɗe a hammata.

"Ke 'yar nan, kafin in daina gani, ina so kujerar nan ta fita daga kaina ta shiga hannun jama'a. Kyauta."

Na ce, "Kawu, ai aikin minti goma ne."

Minti goma! Wata takwas muka yi.

Shafin farko ya rubuta can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, cewa duk abin da ka ɗora suna da ikon sayarwa. Kawu ya ce in rufe tun kafin ransa ya ɓaci. Na biyu tallan caca ne zagaye da zanen mutane. Na uku ba ya barin ka sauke komai sai ka ba da sunanka da lambar wayarka.

"Uwa tana fama da ɗa marar lafiya, sai ta miƙa lambarta ga wanda ba ta sani ba? Su yi me da ita?"

"Kawu, kowa fa haka yake yi."

"Ni ba kowa ba ne. Wuce."

Wallahi akwai ranar da na ji kamar in kifa masa kwamfutar a ka. Ido yana tafiya, shi yana tankaɗe da rairayar halin mutanen da ba su ma san da zamansa ba.

Na bakwai ne ya tsallake. Ƙaramin shafi ne da wasu 'yan sa-kai ke riƙe da shi. Kowa na iya ɗauka ya ƙera, ya gyara, muddin zai bar nasa gyaran a buɗe. Ba talla, ba rajista, ba a tambayar mai saukewa ko sunansa. Kawu ya gyara zama ya ce, "Yawwa, waɗannan sun sami tarbiyya." Ya riƙa auna kujerar Auta da tef ɗinsa yana faɗa, ni ina rubutawa. Muka ɗora.

Bayan mako uku mutum goma sha ɗaya sun sauke. Kawu har tafiyarsa ta canza.

Sai ga saƙo a ƙarƙashin zanen, daga wani uba. Ya yi godiya sosai, sannan ya ce ya bi awon daidai, amma matokarin ya wuce kan ɗansa, wuyan yaron yana faɗawa baya.

Kawu ya ce ƙarya ne, mutumin bai iya awo ba. Na ɗauko rular shagonmu na jera ta da tef ɗinsa. Ashe shekaru ashirin da suka wuce tartsatsi ya ƙone bakin tef ɗin, Kawu ya yanke santimita biyar, ya mayar da ƙugiyar bakin, ya manta. Da shi yake aunawa, da shi yake yankawa, don haka bai taɓa ba shi kunya ba. Kowace lamba da muka aika wa duniya ta ɗara gaskiya da biyar.

Ban taɓa ganin Kawu ya tsorata ba sai ranar. Ya kama hannuna.

"Kira sauran goman. Yanzu."

"Da wace lamba, Kawu?"

Ya saki hannuna.

Mun gyara zanen a ranar, muka sa gargaɗi da jan rubutu a samansa. Na tambaye shi ko mu koma shafi mai karɓar lamba. Ya ce a'a, shafin bai yi wa kowa ƙarya ba, tef ɗinsa ne ya yi.

Yanzu ba ya gane fuskata sai na yi magana. Yana zama kusa da kujerar Auta, hannunsa a kan matokarin. Duk ranar da na je, kafin ya amsa gaisuwata sai ya ce, "Cikin goman nan, akwai wanda ya dawo?"

Har yau babu.