Sodangi da Hantar Gada

Sodangi mijin yayata Mairama ne, kuma tun ranar da aka ɗaura musu aure har yau ban gano abin da ta gani a jikinsa ba. Maharbi ne a ƙauyenmu na Kurgu, irin maharban nan da ke fita da kwari cike da kibau su dawo da baki cike da labari. Ni mahauci ne, na san abin da kowa ke kawowa daga daji, kuma Sodangi bai taɓa wuce zomon da karnuka suka riga suka gajiyar ba. Amma in ka ji shi a majalisa sai ka rantse shi ya koya wa zaki farauta. Burinsa ɗaya ne a duniya, a naɗa masa rawanin Sarkin Baka, shugaban maharban yankinmu.

Ana saura 'yan shekaru a sami 'yancin kai, wasu masu neman zinariya suka hauro ta wajen Dahomey suka yada zango a gindin dutsen da ke bakin iyaka. Suna wanke yashi da zaiba, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da ke kama ƙwayar zinariya, suna tuttular da dauɗar a tafkin da ke ƙarƙashin dutsen. Da suka ga abin bai taka kara ya karya ba, suka naɗe tabarmarsu suka ƙara gaba. Tafkin nan kuwa shi kaɗai ne ba ya ƙafewa da rani, don haka gada da agwada da beguwa duk nan suke saukowa shan ruwa.

Kwatsam sai ga Sodangi ya fara shigowa gari da gada a kafaɗa. Yau gada, jibi gada. Dabbar da ko inuwar mutum ta gani sai ta ɓace, wai yanzu tsayawa take tana tangaɗi tana kallonsa har ya ɗana kibiya. Mai hankali zai tambayi kansa abin da ya same ta. Sodangi cewa ya yi layar kakansa ce ta farka.

A al'adar maharbanmu, hanta da ƙoda na wanda ya yi harbin ne, shi kaɗai zai gasa ya ci kafin a taɓa sauran naman, wai a nan zafin naman dabba yake. Sodangin da ko sallar asuba sai an tashe shi da tsiya, wannan farillar kam bai taɓa ƙetare ta ba. Zai zauna a tsakar gida ya barbaɗa yaji, yana taunawa yana lumshe ido, yaransa na haɗiyar miyau.

Hamma, wani Bafillace makiyayi da ke mashekari kusa da dutsen, shi ya fara zuwa da magana. Maruƙansa sun sha ruwan tafkin sun yi ta faɗuwa, malamin dabbobi mai yi wa shanu allura kuma ya ce masa zaibar da aka zubar ce, ya raba garkensa da wurin. Ya iske Sodangi a rumfata.

"Sodangi, bar cin naman dutsen ga," in ji Hamma. "Dabbobin ga ba lahiya ag gare su ba. Abin da ya kashe min maruƙa shi ka sa su tsayawa."

Sodangi ya kyalkyale da dariya. "To, yau kuma Bahillace ka koya ma maharbi daji? Tahi ka ji da nagge."

Na sa baki na ce, "Yaya Sodangi, ni ma na ga ƙodar da ka hiddo jiya. Ta kumbura, ta yi hwari. Ko kyauta anka ba ni, ba ni aza ta bisa tebur."

"Hassada ta, Ma'azu," ya ce. "Kai dai wuƙa kaɗai ka sani, sai an ɗaure ma dabba kana iya mata."

Daga ranar na daina karɓar namansa, na kuma hana Mairama sa shi a tukunya. Mutanen gari ma suka ja baya. Shi kuwa gogan naku sai ya ƙara ƙaimi, tunda yanzu duk nasa ne. Kafin damina ta kama, dasashinsa ya fara jini, miyau na zubo masa in yana magana, abu kaɗan sai ya hau faɗa. In ya ɗaga ludayin fura, rabi a baki rabi a riga. Ya ce ƙarfin layar ne ya yi wa jikinsa yawa.

A shekarar ne tsohon Sarkin Baka ya rasu, mai gari ya ce ranar bikin 'yancin kai za a yi naɗi. Sharaɗin shi ne na kaka da kakanni: a rataye gora a reshen bishiya, mai son rawani ya fasa ta a gaban jama'a. Su biyu suka fito, Sodangi da wani Ɗanmaliki, mutumin da bai cika magana ba.

Ran nan gari ya cika, 'yan makaranta na kaɗa ƙananan tutoci, makaɗa na yi. Sodangi ya shigo fili da warki da layu har wuya, ya yi wa kansa kirari mai tsawo. Ya ɗaga baka. Tun daga inda nake tsaye ina jin kibiyar na karkarwa a jikin bakan, kar-kar-kar. Ya sauke, ya goge hannu a cinya, ya sake ɗagawa. Da ya saki, kibiyar ta cake a ƙasa dab da babban yatsan ƙafarsa. Mata suka rufe baki da gyale. Ni ban ji tausayinsa ba, Mairama na duba, ta sunkuyar da kai kamar ita ta yi harbin. Ɗanmaliki ya fasa gorar, aka naɗa shi.

Kana tsammanin ya hankalta? Cewa ya yi Ɗanmaliki ne ya yi masa sammu, kuma maganin sammu shi ne ƙarin hanta. Da yake ba ya iya harbi, sai ya koma kafa tarko a bakin tafkin. Wata safiya ya jawo ƙafa har rumfata, ya ajiye hantar gada ƙunshe a ganye a gabana.

"Ma'azu, yanka min ƙanana-ƙanana," ya ce, bai dubi idona ba. "Wuƙa ba ta zama hannuna."

Na ce ya je gida zan gasa in aiko. Na haƙa rami a bayan rumfa na binne ta, don ko kare ban yarda ya ci ba, na gasa masa hantar akuya. Haka muka yi ta yi har ƙafafun ma suka daina kai shi dutsen. Kullum sai ya aiko a gaya min ya fara jin ƙarfi na dawowa, baɗi war haka rawani nasa ne. Maharbin da ya ce ya san daji bai taɓa bambance gada da akuya a bakinsa ba. Mairama ce ke ba shi a baki, tana goge masa haɓa da gefen zaninta.