Dikko da Tsamiyar Raguna

Kun dai san marigayi Dikko, taubashina, bai taɓa gaida mutum kafin ya gaida dabbarsa ba. Ka zo bisa jaki, ya ce, "Sannu da ɗawainiya," ka buɗe baki za ka amsa, ashe da jakin yake. Ni da anka kora daga aji biyu, cewa yake jakina ya fi ni fahimta. Ban taɓa musu ba.

Ranar kasuwar ƙauyenmu, da gorar ruwa da ƙwarya yake yawo, yana shayar da ragunan mutane da ke ɗaure gindin tsamiyar nan. Rannan wani ɗan Maruda ya shigo da kaji rataye a keke, kai ƙasa. Dikko ya cafke kan keken.

"Sauka in rataye ka haka nan har Gwandu!"

"Haba Baba, kaji ne fa!"

"To ƙafar kaza ba ƙafa ba ce?"

Zamanin soja wani ma'aikaci ya zo daga birni da hotuna, wai wa'azin tausayin dabbobi. Ya nuna muna saniyar Turai kwance cikin ɗaki, fanka na kaɗa mata. Na ce, "Malam, in tana neman miji, ga ni." Kasuwa ta kwashe da dariya, ban da Dikko.

Ya ce, "Ɗana, maganarka gaskiya ce, hotonka ne ba namu ba. Mu ba mu da fanka, tsamiya gare mu. Ce wa masu raguna ragon da ya wuni a rana yamushewa yake, mai saye ya raina shi. Ce wa mahauci malamai sun hana wasa wuƙa gaban dabba. Wannan za su ji."

Bawan Allah ya naɗe hotunansa, ya hau rubutawa.

Bayan damina sai ga wani ɗan kwangila da masu gatari, wai za a sare tsamiya a gina rumfunan kwano. Raguna fa? Su tsaya rana! Dikko ya ari igiya, ya ɗaura a ƙugu, ya ɗaure kansa jikin itacen, tsakiyar raguna.

"Tsoho, tashi!" in ji ɗan kwangila.

"Ni ba tsoho ba ne, rago ne. In kana so in gusa, taya."

Na ce, "Naira biyu, ba kitse."

"Albarka! Zo ka zauna, shashasha!"

Na zauna. Fulanin Wurogauri sunka zo sunka zauna, mahauta ma haka, har da mai kajin Maruda. Da la'asar masu gatari sunka saɓa kayansu. Rumfuna dai can gefe anka gina su.

Makon jiya na bi ta wurin, raguna kwance cikin inuwa suna tuƙa. Wallahi sai da na gaishe su, sannan na tuna da gaida mai su.

Ya Allah, bawanka Dikko ya nema wa marasa baki inuwa. Ka sanya shi cikin taka, ranar da rana za ta sauko bisa kawuna. Amin.