Daƙiƙa Talatin na Yaya Saiti

Ranar da aka fara ba ni kyamarar ƙirji, na maƙala ta tana kallon sama. Awa huɗu ina ƙofar asibiti ina ɗaga wa motoci ƙarfe, ina ji da kaina, ashe ba abin da take ɗauka sai ƙofofin hancina da bakina yana aiki. Wadda ta haska wa masu gadi goma sha biyu wannan fim, har da maimaici, ita ce Yaya Saiti.

Yayar matata ce. Tun ranar da na je gaishe da iyayensu ta ce surutuna ya yi yawa, kuma shekara ashirin ke nan ba ta sake ra'ayi ba.

Da can ita ma gadi take yi, a ƙofar masu ziyara. Wata rana wata tsohuwa ta zame ta faɗi, Yaya ta danna maɓallin ɗauka ta ruga ta tallafe ta. Hoton ya fara ne da tsohuwa kwance a ƙasa, hannun Yaya a kafaɗarta. Ɗan tsohuwar ya rantse hankaɗe ta aka yi. Wata biyar Yaya na zaune a gida, sai da tsohuwar ta samu sauƙi ta wanke ta da bakinta. Da ta dawo ta ce ita da ƙofa har abada. Ta haddace littafin na'urar, ta karɓi ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin bene, inda a da ake ajiye tsintsiya, ta jera kyamarori ashirin a kan caja kamar 'ya'yan da ta haifa.

Kowace safiya sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta daidaita agogo, ta tabbatar kwanan wata da lambar mai gadi sun hau kan hoto. Ta ƙure hasken allon gaba, wai don mai masifa ya ga fuskarsa ya ji kunya. Jar fitilar da ke nuna ana ɗauka ba ta kashuwa. Sannan ta kulle komai da lambar sirri. Ka ce mata batir na saurin ƙarewa, ta ce ka rage yawo.

Saitin da ta fi ji da shi kuwa shi ne na daƙiƙa talatin. Kafin ka danna maɓalli, kyamarar ta riga ta riƙe rabin mintin da ya wuce, da hoto da murya. Ta sha faɗa mana. Ni dai lokacin ina kwaikwayon tafiyarta a baya.

Ranar Talata wani direban tasi ya tare hanyar motar marasa lafiya. Na ce masa motarsa da fuskarsa gareji ɗaya suka fito, na ƙara da wata magana a kan wanda ya haife shi. Ya fito ya ci kwalata. Nan na danna maɓalli, na koma mutumin kirki: "Yi haƙuri, ranka ya daɗe." Ya kai ƙara. Ina da gargaɗi biyu a fayil, na uku sallama ce, kuma shugaban tsaro zai kalli hoton da safe.

Na sami Yaya Saiti tana goge gilashin wata kyamara.

"Yaya, sannu da aiki."

"Yau ni ce Yaya? Jiya Dodon Bene ka ce."

"Wasa ne. Wannan ɗan rabin mintin na farko, ba a iya gutsure shi?"

"Ana iyawa."

"To, don darajar ƙanwarki. Yara huɗu fa."

"Biyar ne, har da kai." Ba ta ko ɗago ba. "Da ina da rabin mintin nan, da ban yi wata biyar ina ɓuya daga maƙwabta ba. Ina kake lokacin? Kai ne ka sa mini Mai Kayar da Tsofaffi."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wallahi na'urar nan taki ce ta lalace. Wace irin kyamara ce ke ɗaukar mutum bai shirya ba? Ki saita ta kamar ta mutane!"

Ta mayar da kyamarar kan caja, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Saiti goma sha ɗaya gare ta, mijin ƙanwata, kuma duk lafiyarsu lau. Wanda ya lalace yana nan ƙarƙashin hancinka. Tun ranar farko kyamarar ta nuna maka shi awa huɗu, ka ƙi gyarawa."