Gada a Kan Tudu

A Mpape na tashi, wata unguwa a gefen babban birnin tarayya, a hayin rafi, can ƙasan dutsen da ake fasawa. Babanmu direban tifa ne, ba ya dawowa da wuri, don haka yammacinmu na kakarmu ne, Inna Asabe. Awara take soyawa a ƙofar gida. Da zarar an idar da sallar magariba ta sauke kasko, sai mu matso kusa da murhu tun garwashin bai mutu ba. Ni take kira Maigida, tana yi min gorin ba ta taɓa ganin mijin da ke cinye jarin matarsa irina ba. Gaskiyarta ce, duk gutsattsarin awarar ni nake sharewa.

Rafin da ya raba mu da titi, da rani ko kaza tana tsallake shi. Da damina kuwa sai ya kumbura ya yi jawur, ya hana mu zuwa makaranta, wani lokaci ya tafi da akuyar mutane. Har yau a unguwar nake, kuma yanzu 'yata Hafsa ce ke haye shi kullum da safe. Muna yara, duk ranar da rafin ya cika muka wuni a gida, akwai tatsuniyar da Inna takan kawo.

"Ga ta nan tafe," takan ce, "wanda ya yi gyangyaɗi ba na maimaita masa."

Mu ce ta zo, kunnuwanmu a buɗe suke.

Wai a wani gari kogi ya addabi mutanen hayi, kowace damina sai ya ci rai. Suka kai kuka fada. Sarki ya tara fadawa, aka yanka raguna, aka yi ta shawara har naman ya ƙare. Sannan aka yi shela cewa daga yau an hana nutsewa, wanda duk ruwa ya ci za a kama danginsa. Aka naɗa Sarkin Hana Nutsewa, aka ba shi doki da alkyabba. Shi dai kogi bai ji shela ba.

Da kuka ya yi yawa, Sarki ya ce a yi gada. Magina suka je bakin kogi suka tarar da laka da sauro. Waziri ya ce ai ganganci ne a ɗora dukiyar Sarki a kan ruwa, ruwa ɓarna gare shi. Sai aka gina ta a kan tudu, daidai ƙofar fada, inda baƙi za su gani. Ranar buɗewa kowa ya hau ya sauka ƙafarsa a bushe, maroƙa suna kirarin gadar da ba a taɓa nutsewa a ƙarƙashinta ba.

Mu yi ta dariya har da faɗuwa. Wata rana na tambaye ta, "Inna, to mutanen hayi fa?"

"Suna can, Maigida," ta ce, tana juya garwashi da tsinke. "Wa ya tambaye su?"

Inna ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ni kuwa na yi karatu na samu aiki a wata ma'aikatar gwamnati a Garki. Duk zaɓe 'yan takara kan zo su tsaya a wancan gefen rafi, don kada takalmi ya ɓaci, su ɗaga murya su yi mana alkawarin gada. Abin da muka gani shi ne ƙatuwar ƙofar maraba da aka gina a bakin titi, har da fitilu, da kuma allo a gaɓar rafi mai gargaɗin a yi hattara.

Da muka gaji, maƙwabcina Bulus mai walda ya haɗa tsofaffin ƙarafa, masu fasa dutse suka kawo tsakuwa, mu kuma muka kawo katako. Muka yi 'yar gadarmu ta ƙafa. Ba ta da kyau ko kaɗan, amma damina guda cur mai ciki ta haye, ɗan makaranta ya haye, na daina tsayawa a ƙofa ina duban hadari.

Bana sai ga ma'aikata da jan fenti sun yi wa gadar alamar rushewa, bayansu kuma masu injin yanka ƙarfe. Na je wajen shugabansu.

"Yallaɓai, me ta yi?"

"Oga, gadan nan ba shi da izini. In ya faɗi da mutum, wa zai ɗauki laifi?"

"In ruwa ya tafi da yaro fa?"

"Wannan ba ofis namu ba ne. Oda ne daga sama, ka yi haƙuri."

Suka loda ƙarafan a mota, suka ce za a kafa kwamiti ya duba lamarin.

Ina yaro na ɗauka labarin wawaye Inna take ba mu, shi ya sa nake dariya. Yanzu da nake gaisawa da irinsu kullum a ofis, na gane babu wawa ko ɗaya a cikinsu. Masu ilimi ne, tare muke sahu a masallaci, kuma kowannensu ya san inda ruwan yake. Abin da ke ba ni ƙyama ke nan.

Jiya an kwana ana ruwa. Da safe na naɗe wando, na rataya takalmi a wuya, na ɗora Hafsa a kafaɗa muka shiga. Ruwan ya kawo min cinya, yana jan ƙafata.

"Baba, su wa suka cire mana gada?"

"Gwamnati."

Ta ƙara ƙanƙame kaina.

"Ba a gwamnati kake aiki ba?"

Na ce ta riƙe ni da kyau, na ci gaba da laluben dutse da ƙafa.