Furen Duman Baban Shiuli

Shekara ashirin da shida ina zaune hagu da mijina, Mofizul, a kan masaƙa ɗaya, a nan Rupganj. Shi yana dama yana cusa zaren ado, ni ina bi. Tun yana ɗan shekara tara yake saƙar jamdani, wani sari, wato zanen matan nan, da ake jera wa fure da hannu, zare bayan zare. Bai taɓa zana fure a takarda ba, a kansa yake ajiye su. Mutum ne mai sanyin hali har ya ba ka haushi. Ni ce mai bakin gidan, kowa ya sani.

Wata damina duma ya yi fure a kan rufin kwanonmu. Ya yi kwana uku yana leƙensa, har na ce, "Baban Shiuli, furen nan kuɗi zai haifa ne?" Ya yi dariya. Wata bakwai muka kwashe kafin furen ya hau sari. Wani mai shago daga Dhaka ya zo ya ɗauka.

Ba a yi wata biyu ba 'yarmu Shiuli ta shigo da gudu da waya a hannu. "Abba! Sarinka!" Wata jarumar fim ce, wadda kowa ke ce wa Madam, ta ɗaura shi wajen karɓar kyauta. Ranar har kayan zaƙi na raba wa maƙwabta, ni shashasha.

Kwana huɗu kacal, wani kamfani ya fito da shi. Inji ya buga furen a kan yadi mai santsi kamar leda, aka liƙa sunan jarumar a gefe. Ga ta nan a waya tana yauƙi: "Ni na ƙirƙiro muku. Ku danna yau, gobe yana ƙofarku." Ita ta ƙirƙiro! Matar da ko zare ba ta iya zurawa a allura ba! Amma ba ita kaɗai nake jin haushi ba. Wa ya ɗaure mata gindi? Mu ne. Mu da ba ma iya jiran shinkafa ta nuna. Kowa so yake ya gani da safe ya ɗaura da yamma, ya yi hoto, ya jefar. Da wannan rawar jikin namu kamfanin ya gina bene, ita kuma aka liƙa fuskarta a kowace kwana.

Mata suka riƙa zuwa. "Kawu, irin na Madam muke so, zuwa Juma'a."

"Wata bakwai ne, 'yata."

"Wata bakwai? Haihuwa za ka yi?" Su fita suna dariya.

Mai shagon Dhaka ya daina ɗaga waya. Mofizul ya ci gaba da saƙarsa. Da aka sa ranar auren Shiuli da saurayin da ta kawo da kanta, sai ya ce mini, "Jobeda, mu yi mata furen nan. Ya koma gidansa." Muka sake zama. Idonsa ya fara dishi-dishi, bayansa na ciwo, bai tashi ba. Sarin ya fi na farko kyau, wallahi. Muka gama saura mako ɗaya.

Shiuli ta shafa shi. Can ta ce, "Amma," haka take kirana, "ba shi da sunanta."

"Sunan wa?"

"Ƙawayena za su ce jabu ne. Za su ce ba mu iya sayen na asali ba."

Na ce, "Ke, don ubanki, ga asalin nan zaune yana jin ki!"

Ta fashe da kuka. "Ni na sani, Amma. Su fa? Kowa a hoto zai gani, kuma sunan ake dubawa."

Na ɗaga hannu, Mofizul ya riƙe ni. "Ƙyale ta. Ranarta ce." Ta danna waya da azahar, washegari mai babur ya kawo na kamfanin a leda.

Ranar biki ta fito cikin na kamfani, mata na ta guɗa, ana ta hoto. Namu kuwa na naɗe shi na sa a kayan da za ta tafi da su. Gwaggon ango, wata mai baki cike da ganyen taunawa, ta zaro shi gaban mutane, ta ɗaga, ta kai kusa da na jikin amarya.

"A'a, wa ya yi wannan?"

Aka nuna mata Mofizul.

"Kai, sannu da ƙoƙari, surukina! Ka iya kwaikwayo. Saura kaɗan ya yi kamar na Madam."

Na miƙe. Ya kalle ni, ya girgiza kai, saboda 'yarsa tana wajen. Sannan ya juya ga matar, ya ɗan rusuna.

"Na gode," in ji shi. "Na yi iya yina."